Yadda na yanka wa lambun Bronx rabo a cikin sulusina

Abin da ya fara kai ni ofishin lauya ba lambu ba ne, mahaifiyata ce. Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka, Inna kuwa tana Zariya, kuma da abin da nake aika mata duk wata ake cefanen gidanta. Wata 'yar'uwarmu a nan unguwa ta rasu ba ta bar wasiyya a rubuce ba, a wajen zaman makokinta ne na ji yadda dokar jihar New York take raba dukiyar wanda ya mutu a haka. Idan mamaci ya bar miji ko mata da 'ya'ya, mijin ko matar ne zai fara ɗaukar dala 50,000, ya ƙara da rabin abin da ya rage, ɗaya rabin kuma 'ya'ya su raba daidai wa daida. Iyaye ko sisi ba su da shi. Wato Inna, wadda Allah ya yanka wa sudusi a Suratun Nisa'i, kotun nan ba ta san da zamanta ba. Dama na san hadisin Ibnu Umar da ke cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba, amma sai a ranar ya shige ni.

Kafin lauya, wajen malamin masallacinmu na fara zuwa, ni da maigidana. Ya jero mana abin a tsare: a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan magada su raba abin da ya saura. Wasiyyar ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, kuma ba a yin ta ga wanda dama yake da gado. Sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, sauran duk an riga an raba miki shi tun daga sama. Wannan sulusin kaɗai aka bar miki ki faɗi inda za shi, sai ki yi tunani a kai."

Na yi tunanin kuwa. Abu biyu sun zo mini nan take, don su ne kowa yake yi: rijiyar burtsatse a ƙauyen su Inna, da taimakon Islamiyyar da na yi karatu. Na uku ne na daɗe ina juyawa a raina kafin in furta shi, shi ne Lambun Tsirrai na New York.

Wanda bai san Bronx ba yana iya ɗauka cewa babu komai a cikinta sai dogayen gidaje da ƙarar jirgin ƙasa. Alhali a arewacinta akwai wannan lambu mai faɗin eka 250, kogin Bronx yana ratsa shi, kuma eka 50 daga ciki tsohon daji ne, mafi girman abin da ya rage na dajin da ya taɓa rufe wannan birni. A 1891 aka kafa shi, bayan da wasu masana tsirrai, mata da miji, Nathaniel da Elizabeth Britton, suka ga lambun Kew na Landan suka dawo da burin New York ma ta samu irinsa. Filin na birnin ne, amma ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba ce ke tafiyar da shi. Tun farko ma sharaɗin da aka gindaya shi ne sai an tara dala 250,000 daga aljihun mutane kafin birni ya ba da filin, kuma attajiran zamanin irin su Carnegie da Morgan da Vanderbilt suka sa hannu. Katafaren gidan gilashin da ke ciki, wanda aka gama a 1902, ya kusa rushewa a shekarun 1970, sai da wata mata, Enid Haupt, ta zuba miliyoyin daloli aka gyara shi, shi ya sa yake ɗauke da sunanta. Wuri ne da kyauta ta haifa, kyauta kuma take riƙe da shi.

Ni dai ba tarihinsa ne ya ɗaure ni da shi ba. Ranar Laraba mazauna birnin suna shiga filin ba tare da biyan kuɗi ba, kuma da wannan Larabar na raini 'ya'yana. A watan Janairu, sanyi na tsaga leɓe, kina shiga gidan gilashin nan sai ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa su tare ki, ga dogayen itatuwan kwakwa da ayaba, ga ɓangaren tsirran hamada. A nan yarana da aka haifa a Amurka suka fara ganin irin itatuwan da nake ba su labari. Sannan akwai abin da idona yake gani a wurin aiki. Kudancin Bronx yana cikin wuraren da cutar asma ta fi kama yara a duk birnin, manyan motoci suna ta zirga-zirga dare da rana a kan titin da aka tsaga ta tsakiyar unguwanni. Wadda ta sha riƙe yaro yana fafutukar numfashi da ƙarfe ukun dare ba ta kallon itace a matsayin ado.

Abin da ya fi ja na shi ne wani shiri da lambun ya fara a 1988, Bronx Green-Up. Ma'aikatansa suna fita cikin unguwanni su taimaka wa mutane su mayar da kangon fili lambun jama'a, su koyar da shuka da haɗa takin gargajiya, su ba da iri da dashe. A wani irin wannan lambu kusa da gidanmu nake da ɗan filin shukata, kusa da matan Gana da Mali da Gambiya, muna shuka kuɓewa da yakuwa da barkono daga bazara zuwa kaka. Wata tsohuwa 'yar Zangon Kumasi a can take wuni, ta ce ɗaki yana cinye ta.

Da na faɗa wa maigida, bai ɓoye ba.

"Hajiya, gida bai ƙoshi ba a ba dawa? Waɗannan mutanen su Carnegie ne suka kafa su. Ɗan abin da za ki bari ai ƙara wa Barno dawaki ne. Ga marayu can, ga masallatai ba rufi."

"Alhaji, rijiya da Islamiyya suna nan, su ne ma za su ɗauki kaso mafi tsoka. Amma a nan na ci, a nan na sha, a nan yaranmu suka girma. Inuwar da muka zauna a ciki wani ne ya biya kuɗinta, bai san mu ba."

Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Dala ɗaya a Zariya tana yin aikin da goma ba za su yi a Bronx ba, wannan lissafi ne da babu mai musunsa, shi ya sa rabon lambun ya zama mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Amma ban yarda cewa maƙwabcin da ke bayan katangata ya fita daga haƙƙina don kawai na zo daga nesa ba. Mu mazauna waje mun iya aika kuɗi gida, madalla, sai dai mukan zauna shekara talatin a gari kamar masu jiran mota, ba mu dasa komai a inda ƙafarmu take ba.

Muka koma wajen Malam da tambayar kai tsaye. Na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in yi wasiyya ga wurin da ba na Musulmi ba, kuma ba masallaci ba, ba makaranta ba?" Ya ce in dai abin da za a yi da kuɗin halal ne kuma amfanin jama'a ne, babu laifi. Ya karanto hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Ya ce hadisin bai tambayi addinin mai ci ba, ai har tsuntsu aka sa. Amma ya ja kunnena a kan abu ɗaya: kada in kuskura in lissafa wannan a cikin zakka, domin zakka tana da masu ita guda takwas da aka ambata a Suratut Tauba, lambu ba ya cikinsu.

Daga nan na kira lambun. Manyan cibiyoyi irin wannan a Amurka suna da ma'aikata na musamman da aikinsu kawai shi ne kyautar da mutum yake tsarawa tun yana raye don ta isa bayan ransa. Na yi zaton za a tambaye ni nawa nake da shi, ba a tambaya ba. Matar da na yi magana da ita ta bayyana mini hanyoyin, ta kuma nanata cewa ita ba lauyata ba ce, in nemi nawa lauyan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta sunan lambun a cikin takardar wasiyya, ko dai da tsayayyen adadi, ko da kaso cikin ɗari, ko kuma abin da ya rage bayan an sallami kowa. Ta biyu, a sa sunansa a matsayin mai cin gajiyar asusun fansho ko inshorar rai. Akwai kuma wadda wanda ya kai shekara 70 da rabi yake iya aika kuɗi kai tsaye daga asusunsa na IRA, wato asusun fansho na ƙashin kansa, zuwa ƙungiyar agaji ba tare da an lissafa masa shi a kuɗin shigar da ake cire wa haraji ba, ni ban kai shekarun ba tukuna. Ta ƙarshe ita ce ta fi daɗin ji: ki ba su dunƙulen kuɗi yanzu, su riƙa biyan ki tsayayyen adadi duk shekara har ƙarshen ranki, abin da ya rage ya zama nasu. Ga mai tunanin tsufa a ƙasar da komai kuɗi ne, tayi ne mai jan hankali.

Na kai wa Malam wannan ta ƙarshen. Ya yi shiru, sannan ya ce a ganinsa wannan ba kyauta ce zalla ba, musayar kuɗi da kuɗi ce a kan jinkiri, kuma babu wanda ya san nawa za a mayar mini tunda ya rataya ne a kan tsawon raina. Ga ƙamshin riba, ga rashin tabbas. Na ajiye ta. Ko ba don fatawar ba, da zarar an sa hannu a kanta ba a janyewa, ni kuma ina da uwa da rai da yara da ba su gama karatu ba. Wasiyya kuwa, a shari'a da a dokar New York baki ɗaya, mai ita yana iya sauya ta ko ya soke ta muddin yana raye da hankalinsa.

Lauyar da muka samu ta saba aiki da Musulmi, wannan ya rage mana dogon bayani. Abin da ta fara gaya mini shi ne kada in rubuta "a raba dukiyata bisa shari'ar Musulunci" in tsaya a nan. Alƙalin Amurka yana gudun shiga fassara hukuncin addini, kuma jumla irin wannan ƙofar rigima ce. Dole a zayyana kason kowa da lambobi, a kuma tanadi yadda lissafin zai sauya idan wani magaji ya riga ni tafiya. Wannan shafin shi ya fi cin lokaci, sai da Malam ya duba shi layi-layi.

Sai kuma inda dokokin biyu suka yi karo. A shari'a, miji yana da rubu'i idan matar ta bar 'ya'ya. A New York kuwa, duk abin da aka rubuta a wasiyya, miji ko mata suna da damar zuwa kotu su nemi kashi ɗaya bisa uku na dukiyar, ko dala 50,000, duk wanda ya fi yawa. An yi dokar ce don kada wani ya mutu ya bar abokin zamansa a titi, kuma ban ga aibunta ba. Amma tana iya rusa dukan lissafin gado. Mafita ita ce Alhaji ya sa hannu a takardar yafe wannan dama, a gaban mai hatimin shaida, ni ma in yi masa haka a tasa wasiyyar. Lauyar ta ba shi shawarar ya nemi wani lauyan daban ya karanta masa takardar, don kada gobe a ce bai san abin da ya yafe ba. Ya je, ya dawo, ya sa hannu. Ya ce abin da Allah bai ba shi ba ba zai je kotu nema ba.

Wasiyyi ma ya zo da nasa. Yayana da ke Zariya na so in ɗora wa, don shi ne babba kuma haka aka saba. Lauyar ta ce dokar jihar ba ta barin wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazaunin Amurka ba ya riƙe wannan aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani mazaunin New York. Muka tsaya a kan babbar 'yata. Da na gaya mata, sai ta ce, "Umma, don Allah ki daina wannan maganar." Na ce mata maganar ba ta kawo mutuwa, rashin yin ta ne yake kawo wahala ga waɗanda aka bari. Na kira Yaya na yi masa bayani da kaina kafin ya ji a bakin wani, shi kuma zai kula da aikin rijiyar da na Islamiyya idan kuɗin sun isa can.

Yanzu ga wurin da na fi koyon abu. Na shiga ofishin da niyyar a rubuta lambun a cikin takardar wasiyya kawai. Lauyar ta tambaye ni ina mafi yawan abin da na tara yake. Na ce a asusun fansho na wurin aiki, wanda ake kira 403(b), irin na ma'aikatan asibitoci da makarantu. Ta ce to daga nan ya kamata rabon lambun ya fito. Kuɗin da ke cikin irin wannan asusu ba a cire musu haraji ba tukuna, duk wanda ya fitar da su shi zai biya. Idan 'ya'yana suka gada, dokar da aka yi a 2019 ta wajabta wa mafi yawan magadan da ba miji ko mata ba su kwashe asusun cikin shekara 10, kuma duk abin da suka ciro kuɗin shiga ne a idon hukumar haraji. Ɗan da ke matakin harajin kashi 22 cikin ɗari, idan ya ciro dala 1,000, abin da zai shiga aljihunsa 780 ne, tun kafin jiha ta ɗauki nata. Lambun kuwa, da yake ƙungiyar agaji ce da aka yafe wa haraji, dala 1,000 ɗin zai karɓa cif. Saboda haka hikimar ita ce a ba sadaka kuɗin da haraji yake jira, a bar wa magada wanda aka riga aka tsarkake daga haraji, kamar ajiyar banki.

Harajin gado kansa, wanda mutanenmu suke tsoro, bai shafi irinmu ba. Na tarayya bai fara aiki ba a 2024 sai dukiya ta haura dala miliyan 13.61, na jihar New York kuma a shekarar ya fara ne daga wajajen miliyan 7.

Sai dai asusun fansho ba ya bin takardar wasiyya. Wannan batu ne da nake so kowace 'yar'uwa da ke aiki a ƙasar nan ta sani. Sunan da ke kan fom ɗin kamfanin da ke riƙe da asusun shi ne mai kuɗin, ko da wasiyya ta faɗi wani abu daban. Haka asusun banki na haɗin gwiwa, yawanci wanda ya rage da rai shi ne yake ɗauka. Mutum zai iya biyan lauya ya rubuta wasiyya mai kyau, alhali mafi yawan dukiyarsa za ta bi ta wata ƙofa da ya cike fom ɗinta tun ranar da ya kama aiki ya manta. A irin asusuna kuma dokar tarayya ta sa miji ne mai cin gajiya kai tsaye, sai in ya amince a rubuce a gaban shaida cewa a ba wani. Alhaji ya sake sa hannu karo na biyu. Kason lambun aka rubuta da sunansa, sauran kuma aka mayar ga wata amana da lauyar ta tsara, wadda za ta raba shi bisa lissafin gado.

Na koma wa Malam da wannan ma, don zuciyata ba ta kwanta ba. Tunda kuɗin ba ta cikin takardar wasiyya za su bi ba, suna cikin sulusin ko suna waje? Ya ce shari'a ba ta duba ta wace ƙofa kuɗi suka fita, duk abin da na mallaka ranar da na cika dukiyar gado ce, kuma duk abin da na umarta a ba wanda ba magaji ba bayan raina wasiyya ce. Don haka rijiya da Islamiyya da lambu, a haɗe, kada su wuce sulusin dukan dukiyar bayan an fitar da bashi. Matsalar ita ce darajar asusun fansho tana hawa da sauka da kasuwa, ajiyar banki kuma tana iya ƙarewa a jinyar tsufa. Kason da yake daidai bana yana iya zarce iyaka nan da shekara goma. Abin da muka yi shi ne barin tazara mai faɗi, jimillar ukun ta tsaya ƙasa da sulusi sosai, sannan lauyar ta sa sharaɗi cewa idan lissafi ya nuna an wuce, a rage daga abin da ke cikin takardar wasiyya. Ai Annabi (SAW) ma da ya yarda wa Sa'ad da sulusin, ya ce sulusin ma da yawa, kuma barin magada a wadace ya fi barin su suna roƙon mutane.

Saura tambayar me za a yi da kuɗin. Mutum yana iya barin kyautarsa a sake, cibiyar ta sa ta inda ta ga buƙata, ko ya ɗaure ta a kan wani aiki. Cibiyoyi sun fi son a sake, kuma na fahimci dalilinsu: babu mai son rubuta sunansa a kan kuɗin wuta da gyaran famfo da albashin mai share ganye, alhali ba tare da su ba babu lambu. Akwai kuma ma'ajiyar busassun tsirrai da ke wurin, mai samfuri sama da miliyan 7, da masana daga ko'ina suke dogara da ita, aikin da baƙon Laraba ba ya gani. Duk da haka ni na ɗaure tawa. Ina so ta tafi ga lambunan unguwanni da koyar da yara shuka, kuma a kashe ta a kan aikin, kada a zuba ta a asusun jarin da ake juyawa, don ban san a me ake juya shi ba kuma ba na son sadakata ta kwana a cikin kuɗin ruwa. Lauyar ta gargaɗe ni kada in ɗaure ta tamau da sunan shiri guda, domin shiri yana iya sauya suna ko a rufe shi kafin in mutu, sai kuɗin su maƙale har sai an je kotu. Muka rubuta manufar a fili, muka ƙara cewa idan wannan aikin ya daina wanzuwa, a sa kuɗin a aikin da ya fi kusa da shi wajen amfanar mutanen Bronx. Fom ɗin fansho ba shi da wurin irin wannan bayani, don haka wasiƙa daban aka rubuta wa lambun, su ma suka amsa a rubuce cewa sun fahimta.

Wani ƙaramin abu da ke da girma: suna. A fom ɗin dole a sa cikakken sunan cibiyar na doka, The New York Botanical Garden, da adireshinta da lambar shaidarta ta haraji, wadda ofishinsu ya ba ni. A birnin nan akwai wani lambun tsirrai a Brooklyn, akwai wani a Queens, kowanne cin gashin kansa yake yi. Wanda ya rubuta "lambun tsirrai na New York" kawai ya bar wa magadansa aiki.

Ranar sa hannu ba ta da wani biki. Dokar jihar tana so mai wasiyya ya sa hannu a ƙarshen takardar, ya furta wa shaidu cewa wannan wasiyyarsa ce, shaidu biyu kuma su sa nasu hannun cikin kwana 30. Ba a so shaidan ya zama wanda zai amfana, don yana iya rasa rabonsa, saboda haka ma'aikatan ofishin ne suka tsaya. Na tuna ayar Suratul Ma'ida da ta ce a kafa adalai biyu shaida a lokacin wasiyya, na roƙi lauyar ta bar Malam da wani dattijon masallacinmu su zauna su ma su ji da kunnensu. Shaidun suka ƙara sa hannu a wata takardar rantsuwa a gaban mai hatimi, wadda za ta hutar da 'yata neman su idan ranar ta zo ta kai takardun kotun gado da ke titin Grand Concourse a Bronx.

Lambun yana da wata ƙungiya ta waɗanda suka sa shi a cikin wasiyyarsu, Perennial Society, kuma an tambaye ni ko ina so a buga sunana. Na ce a'a, a bar shi a ɓoye. Amma na cike takardar sanar da su niyyata, wadda ba ta ɗaure ni da komai ba, saboda kamfanonin fansho ba kullum suke neman mai cin gajiya da kansu ba, gara a ce wani a can ya san akwai abin da zai bibiya.

Asalin wasiyyar tana wurin lauya, kwafi yana hannun 'yata tare da jerin asusuna da lambar wayar ofishin lambun. Filin da nake da shi a Zariya bai shiga wannan takarda ba, domin ƙasa tana bin dokar inda take, wannan sai na je gida mu zauna da Yaya da wani lauya a can. Lissafin sulusin kuma na haɗa shi da lissafin zakkata na watan Ramadan, tunda dama a lokacin nake baje duk abin da na mallaka a kan takarda. Bana da na duba, asusun fansho ya ƙaru fiye da ajiyar banki, sai na shiga shafin kamfanin na rage kason lambun da kashi ɗaya cikin ɗari, Alhaji ya sake raka ni wajen mai hatimi.